Tambayi Malama: Katun ɗin da ke Koyar da Yara a Waya

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, yawancinsu a kan zane-zanen katun ɗin nan ne da ke fitowa a manhajojin karatu, suna magana, suna ƙifta ido, yaro ya ci su yi masa tafi, ya faɗi su ɓata rai. Na zaɓi shida daga ciki. Waɗanda suka turo tambaya a kan cike fom ɗin JAMB su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malama, ɗana yana aji ɗaya na babbar sakandare, lissafi na ba shi wuya, shi ya sa muka ɗaukar masa malamin lesin yana zuwa sau uku a mako. Kwanan nan ya samo wata manhaja a wayar babansa, akwai wani katun mai tabarau da ke yi masa bayani da murya. Wallahi yaron da sai an yi da gaske kafin ya buɗe littafi, yanzu shi ke roƙon a ba shi waya ya yi karatu. Ya ce a sallami malamin a riƙa biyan kuɗin manhajar, ta fi araha. Mu sallame shi?
Daga wata uwa a Gusau

AMSA: Hajiya, kada ki sallame shi tukuna. Bari in gaya miki dalili, sannan in ba ki gwajin da za ki yi a tsakar gidanki ba tare da kin kashe ko sisi ba.

Wannan mai tabarau yana da kakanni. A 1997 wani malamin jami'a a jihar North Carolina ta Amurka, James Lester, shi da abokan aikinsa suka gwada wata manhaja ta koyar da ilmin tsirrai. Yaro zai zaɓi irin saiwa da kara da ganyen da za su dace da wuri mai rana ko mai inuwa, mai ruwa ko mai fari, wani ƙwaron katun da suka raɗa wa suna Herman yana shawagi a gefe yana ba shi shawara. Yara ɗari 'yan ƙaramar sakandare suka gwada a kansu, kuma abin da suka gani shi ne abin da kike gani a ɗanki: yaran sun so ƙwaron, sun ce karatu ya fi daɗi da shi. Sai a 2001 Roxana Moreno da Richard Mayer suka ɗauki wannan Herman ɗin suka yi masa abin da ya kamata a yi tun farko. Wasu ɗalibai aka bar musu shi da jikinsa da muryarsa, wasu aka ɓoye musu jikin aka bar murya kawai, wasu kuma aka mayar musu da maganarsa rubutu. Da aka yi jarrabawa, masu jin murya sun fi masu karanta rubutu, amma tsakanin masu ganin ƙwaron da waɗanda ba su gan shi ba, babu wani bambancin a zo a gani.

Haka aka sake gani a Jami'ar Memphis, inda Arthur Graesser ya yi AutoTutor, wani kan mutum mai magana da ke koyar da ilmin kwamfuta da fiziks. Wannan ya koyar ƙwarai, domin ba ya miƙa wa ɗalibi amsa. Zai jefa tambaya, ɗalibi ya ba da rabin amsa, ya ce masa to sai me kuma, ya ɗan haska masa hanya, ya bar masa gurbi ya cike da kansa. Da suka cire kan suka bar hirar, yawancin amfanin bai tafi ko'ina ba. A 2013 kuma aka tattara bincike 43 da suka shafi ɗalibai sama da 3,000 aka auna su gaba ɗaya: katun yana ƙara wani abu, amma kaɗan ne, kuma ya fi yi wa 'yan firamare da sakandare amfani a kan 'yan jami'a.

Ni yadda nake kallonsa, katun ɗan kamasho ne a tasha. Aikinsa ya kira fasinja ya cika mota, kuma aiki ne, tunda ga shi ya kawo miki yaron da ke gudun littafi. Amma isa garin da za a je, wannan na direba ne da injin mota. Masu shekaru irina da suka fara taɓa kwamfuta a shagon buga takardu za su tuna ɗan ƙarfen maƙale takardar nan mai ƙwala-ƙwalan idanu da Microsoft ta sa a Office 97, kana fara rubutu ya faɗo yana tambaya ko wasiƙa za ka rubuta. Fara'a kam yana da ita, abin faɗa ne babu, mutane suka tsane shi har aka kawar da shi gaba ɗaya a 2007.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne injin. Yawancin sababbin manhajojin ƙirƙirarriyar basira ce irin ta ChatGPT a bayansu, tana iya amsa kusan komai, har da aikin gidan da aka ba yaro. A nan haɗarin yake. An yi wani gwaji a wata sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan dubu, aka fitar da sakamakon a 2024. Waɗanda aka ba GPT-4, injin ChatGPT na lokacin, sakaka suna atisayen lissafi da ita sun fi 'yan uwansu ci da kashi 48 cikin ɗari a lokacin atisayen. Da aka karɓe ta aka ba su jarrabawa da biro da takarda, sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17. Wani rukunin kuma an ba su wadda aka ɗaure, tana haska hanya amma ba ta faɗin amsa, su ba su yi wannan asarar ba. Kin ga ke nan manhaja biyu na iya zuwa da katun iri ɗaya, ɗaya ta gyara yaro, ɗaya ta nakasa shi yana dariya.

Ga gwajin. Ki zauna kusa da shi, ki ce ya ba katun ɗin amsar da ba daidai ba da gangan. Misali a buɗe 2(x + 3), ya rubuta 2x + 3. Wannan kuskuren na gyara shi a allo har na gaji, kowace shekara sai sababbin 'yan aji ɗaya sun zo da shi. Ki saurari abin da zai ce. In ya ce kash, sake gwadawa, ya maimaita bayanin ɗazu kalma da kalma, rediyo ne mai tabarau. In ya zubo amsar duka nan take, ya fi muni. Na kirki zai ce wani abu kamar: sa 1 a gurbin x a duka biyun, me ka samu? Yaro ya ga 8 a nan, 5 a can, ya tsaya ya yi tunani da kansa ina ukun ta ɓace. Daga nan ki roƙi malamin lesin ya shirya tambayoyi goma a kan abin da yaron ya ce ya gama a manhajar, ranar Asabar a ajiye waya a ɗakinki, a ba shi takarda. Ki yi haka na wata guda. In yana cin bakwai ko takwas, ki rage zuwan malamin ya koma sau ɗaya a mako, ya zama mai duba aiki da toshe gurbi. In yana cin uku alhali manhajar ta cika shi da taurari da kofuna, kin san wanda za ki sallama.

TAMBAYA: Malama, ni ɗan Damagaram ne, da Faransanci na yi karatu. Ina saro kayan waya a kasuwar Farm Center ta Kano, wani lokaci har Legas, shi ya sa nake koyon Turanci a Duolingo. Na fi shekara ban tsallake ko rana ɗaya ba, in dare ya yi ban yi darasi ba mujiyar nan, katun ɗin manhajar, ta riƙa turo mini saƙo ke nan har sai na ji kunya. Amma in na tsaya gaban dila Turancin sai ya gudu. Ina matsalar take?
Daga wani matashi a Damagaram

AMSA: Ɗana, da farko dai ina taya ka murna, kai ne Bahaushen da mujiya ke kira da dare yana amsawa da sauri. A wurin Turawa tsuntsuwar hikima ce, shi ya sa suka zaɓe ta.

Mujiyar ba malamarka ba ce, mai tashinka ce. Kamfanin, wanda Luis von Ahn ɗan ƙasar Guatemala da Severin Hacker suka kafa a birnin Pittsburgh suka buɗe wa jama'a a 2012, bai ɓoye cewa yana gwada saƙonni iri-iri a kan masu amfani da shi don ya ga wanne ya fi dawo da mutum ba. Hoton wutar nan da ke ƙirga maka kwanaki, da fuskar mujiyar da ke yamutsewa in ka makara, duk don ka buɗe manhajar ne. Kuma sun yi nasara a kanka. Sai dai abin da wutar ke ƙirgawa buɗewa ne. Mutum na iya zaɓar darasi mafi sauƙi ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare, ya dangwala hotuna na minti biyu ido na lumshewa, wuta ta ci gaba da ci. Ka tambayi kanka kwana nawa cikin shekarar nan haka ka yi.

An taɓa auna irin wannan. A farkon shekarun 2000 Timothy Bickmore a jami'ar MIT ya yi wata katun mai suna Laura, aikinta ta riƙa zaburar da mutane su motsa jiki na tsawon wata guda. Ya yi ta kala biyu: ɗaya tana gaisuwa, tana tambayar ya gida ya aiki, tana tuna hirar jiya, tana nuna damuwa a fuska, ɗayar kuma aiki kawai. Mutane sun fi son mai gaisuwar, sun fi yarda da ita, sun fi son ci gaba da ita. Amma da aka duba yawan motsa jikin da suka yi, kusan kunnen doki ne. Son mai horar da kai daban, yin abin da ya ce daban.

Inda katun zai yi maka amfani na gaske shi ne wajen kunya. Babban abin da ke ɗaure harshen baligi tsoron a yi masa dariya ne, zane kuwa ba ya kai labarinka majalisa. Tun 2024 Duolingo na da kiran bidiyo da Lily, yarinyar nan mai gashi ruwan shanshanbale da ke magana kamar an tilasta mata, kana yi mata magana da bakinka tana mayar maka. Amma a cikin tsarin da ake biya mai tsada ya fito, kuma ba lallai sai shi ba. Manhajojin hira irin ChatGPT da Gemini suna sauraron murya. Ka ce mata ta zama dilan caja da batir a Legas, kai kana neman ragi a kan kwali goma, ku yi ciniki da baki, in kun gama ta lissafa maka kurakuranka. Ka rubuta jimlolin da kake buƙata a sana'arka, nawa ne kwali, na ƙarshe nawa, wannan na asali ne ko kwafi, in ya lalace za ka canza mini, ka maimaita su da ƙarfi har su zauna a baki.

Sannan ka sani mujiyar Turancin Amurka take koya maka, dilan Legas kuwa Turancin Najeriya yake yi gauraye da Burokin. Kunnenka na buƙatar nasa. In za ka yi odar kaya a WhatsApp, daina rubutawa, tura saƙon murya da Turanci, ka saurari amsarsa sau biyu ko uku. Shi kuɗinka yake so, ba zai tsaya gyara maka nahawu ba.

TAMBAYA: Malama, ina koyarwa a wata Islamiyya a zango. Wani cikin iyayen yara ya nuna mini manhaja mai katun ɗin yaro da hula yana karanta haruffan Larabci, ya ce yaransa sun daina buƙatar zuwa koyon baƙi da farfaru. Shin irin wannan na iya koyar da mafitar haruffa?
Daga wani malami a Kumasi, Gana

AMSA: Allah gafarta Malam, tambayarka ta faɗo a wuri ɗaya tilo da zan ce fuskar ita ce darasin. A lissafi katun ado ne, amma a furuci baki ake kallo.

An yi wanda aka gina don wannan aikin musamman. Dominic Massaro na Jami'ar California da ke Santa Cruz ya yi wani kai mai sanƙo da ake kira Baldi, an ƙera motsin leɓensa da harshensa bisa awon bakin mutane na gaske. Ana iya mayar da fatar kumatunsa garai-garai, ka ga harshe da haƙora da ganɗa suna aiki a ciki, a juya maka shi ta gefe. An yi amfani da shi a wata makarantar kurame a birnin Portland wajen koya wa yara magana, daga baya aka yi masa ɗan uwa mai Larabci aka sa masa suna Badr. Ka duba amfanin wannan ga yaronmu. Kai kanka in kana nuna masa harafin ladi, cewa kake gefen harshe ya jingina da turamen sama, amma ba ya gani, bakinka a rufe yake ta gefen. Ainu da ha ƙarami kuwa daga tsakiyar maƙogwaro suke, babu malamin da zai iya buɗe nasa ya nuna. Zanen da aka yi da ilmi yana nunawa.

Amma yaron nan mai hula da aka nuna maka, da wuya in irin Baldi ne. Da yawansu baki kawai suke buɗewa su rufe kamar kifi, ko wane harafi ake faɗa. Gane shi ba wuya: kashe sautin wayar ka kalli bakin. In an zo mimun da ba, leɓɓa sun haɗu? In an zo wawun, sun tsuke? A fa, haƙoran sama sun sauka a leɓen ƙasa? In duk motsi ɗaya ne, gara a rufe zanen da hannu yaro ya saurari muryar kawai, don kada idonsa ya koyi abin da kunnensa bai ji ba.

Sai babban gurbin: ko zanen ya nuna daidai, wa ya saurari yaron? Akwai manhaja irin Tarteel da ke bin mai tilawa, ta ja masa layi in ya tsallake kalma ko ya musanya ta. Ba ta da katun ko ɗaya, kuma tana taimakon mai hadda wajen muraja'a in babu mai riƙe masa. Amma yaron da ke mayar da sa mai ɗigo uku sinun, ko yake gajarta madda, ko gunnarsa ba ta cika ba, wannan kunnen malami ke kamawa, shi ya sa Alƙur'ani baki da baki aka karɓo shi. Ka gaya wa mahaifin su yi ta amfani da ita a gida, amma su zo su biya a gabanka. Ka ƙara masa da cewa in manhajar irin mai amsa kowace tambaya ce, kada a ɗauki hadisi ko fatawa daga bakinta, domin irinsu sukan ƙago nassi su jingina wa littafi ba tare da muryarsu ta yi rawa ba.

TAMBAYA: Malama, 'yata mai shekara tara tana gaida katun ɗin manhajar karatunta, tana ce mata sannu da aiki, in ta yi kuskure ta ba ta haƙuri. Rannan na goge manhajar don waya ta cika, ta yi kuka wai na kashe ƙawarta. Abin ya tsorata ni. Lafiya kuwa?
Daga wani uba a Garwa, Kamaru

AMSA: Alhaji, lafiya lau, kuma gaisuwar shaida ce kun yi tarbiyya. Manya ma haka suke. A 1966 Joseph Weizenbaum na MIT ya yi wata manhajar hira mai suna ELIZA, ba fuska ba murya, maganarka kawai take juyawa ta mayar maka da ita tambaya. Sakatariyarsa, wadda a gabanta aka gina abin, ta fara hira da ita, can sai ta roƙe shi ya fita daga ofis ya ba su wuri. A Jami'ar Stanford kuma Clifford Nass ya nuna cewa in kwamfuta ta koyar da mutum sannan ta tambaye shi ya ya ga aikinta, yakan yi mata kara ya yaba, amma in wata kwamfutar ce ta yi tambayar sai ya faɗi gaskiya. To ina ga 'yar shekara tara da aka ba abu mai ido yana kiran sunanta?

Abin da za ka duba ba gaisuwar ba ce. Ka gano wace iri ce: mai maganganun da aka riga aka rubuta aka ɗauka, ko mai hira sakaka da za a iya gaya wa komai ta amsa. Ta farkon ba ta da wata illa da ta wuce cin lokaci. Ta biyun tana buƙatar ido, domin yaro na gaya wa ƙawa sunan makarantarsa da unguwarsu da abin da aka yi faɗa a kai jiya a gida, kuma duk wannan yana tafiya rumbun kamfani ne. ChatGPT kanta a ƙa'idarta ba a yarda ɗan ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da ita ba. A riƙa karatun a falo, da sauti a buɗe, ba da abin kunne ba.

Ka mayar mata da manhajar in ta karatu ce ta kirki, ka zaunar da ita ka gaya mata ba tare da tsawa ba: wannan zane ne, mutane ne suka yi shi, ba ya jin yunwa, ba ya jin zafi in an goge shi, kuma maganar da yake gaya miki ita yake gaya wa dubban yara. Wani abin da na fi jin tsoro a kan ƙawancen shi ne yabo. Waɗannan katun ba sa gajiya da cewa madalla, kin yi ƙoƙari, ko an yi ko ba a yi ba. Yarinyar da ta saba da wannan, ranar da malamar aji ta ja mata jan biro sai ta ga kamar ƙiyayya ce.

TAMBAYA: Malama, ni malamin ƙaramar sakandare ne, ajina yara sun kai casa'in. Ana ta cewa waɗannan abubuwa za su karɓe mana aiki. Gaskiya ne?
Daga wani malami a jihar Bauchi

AMSA: Malam, abokin aiki, wanda zai karɓe ajin mutum casa'in da ba wuta ba fanka ai sai mu yi masa addu'a.

Mafarkin da ke bayan duk wannan tsoho ne. A 1984 Benjamin Bloom ya ruwaito cewa ɗalibin da aka ba malami shi kaɗai, ana tabbatar da ya gane kafin a wuce, yakan zarce kusan kashi 98 cikin ɗari na 'yan aji na gama-gari. Binciken baya ya nuna tazarar ba ta kai haka ba, kuma a 2011 Kurt VanLehn ya tattara gwaje-gwaje ya ga manhajar da ke bin ɗalibi mataki-mataki ta kusa kamo malamin mutum ɗaya. Saboda haka ba zan ce maka wasa ba ne. A 2016 wani farfesa a jami'ar Georgia Tech, Ashok Goel, ya saka wata manhaja mai suna Jill Watson cikin mataimakansa masu amsa tambayoyin ɗaliban da ke karatu ta intanet, aka yi zango guda yawancinsu ba su gane ba mutum ba ce. Ka lura, ba ta da fuska ko kaɗan, kuma tambayoyin da ake maimaitawa kowace shekara ta ɗauke, irin yaushe za a miƙa aiki.

Na kusa da mu shi ne na jihar Edo. A tsakiyar 2024 Bankin Duniya da gwamnatin jihar suka yi gwajin mako shida a birnin Benin, 'yan babbar sakandare suna koyon Turanci da manhajar hira ta Microsoft Copilot bayan an tashi makaranta, kuma sun fi waɗanda ba su shiga ba a jarrabawa. Masu yaɗa labarin sukan manta da wani ɓangare: a ɗakin kwamfuta na makaranta aka yi, yara bibbiyu, malamai na tsaye a kansu, su ke buɗe darasi, su hana shiririta, su kama inji in ya yi ƙarya.

Akwai dabara guda da za ka ara ko babu waya a ajinka. A Jami'ar Vanderbilt sun juya abin: maimakon katun ya koyar da yaro, yaro ne ke koyar da wata katun mai suna Betty yadda halittun kogi ke dogara da juna, sannan a yi wa Betty jarrabawa yana kallo. Sai aka ga yara sun fi dagewa don ɗalibarsu ta ci a kan don kansu, musamman waɗanda ake ganin ba su da ƙoƙari, domin in an faɗi Betty ce ta faɗi. Ni da alli nake yin nawa. Ina zana wani ɗan yaro mai manyan kunnuwa a kusurwar allo, in rubuta aikinsa cike da kurakuran da na tsinto daga littattafan 'yan ajin jiya, in ce ku taimaki wannan bawan Allah. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba sai ka ga ta miƙe tana gyara masa kuskuren da nata ne.

TAMBAYA: Malama, ina karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN. Me ya sa waɗannan katun ba sa Hausa mai daɗin ji, kuma me ya sa suke shanye data haka?
Daga wata ɗaliba a Dutse

AMSA: 'Yata, rubutunmu na boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna dogon wasali da gajere. Ke da kika tashi da harshen kina cike wannan da kanki, inji kuwa sai ya ji dubban sa'o'in maganar Hausawa kafin ya daina karatu kamar baƙo, kuma abin da aka tara na Hausa bai kama ƙafar na Turanci ba. Google Translate ta sa Hausa tun 2013, amma fassara rubutu daban, furta shi daban. Duolingo na koyar da Swahili da Zulu, Hausa ba ta shiga ba. In kina son ki sa hannu, shafin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin masu sa kai da Hausa, ki karanta 'yan jimloli ki tura.

Data kuwa, hoto mai motsi ne ke cin ta, murya na bi masa, rubutu kusan kyauta ne. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025 lissafin ya ƙara tsauri. Ki shiga saitin manhajar ki rage ingancin bidiyo ko ki kashe motsin in akwai wurin kashewa, darasin da ake iya saukewa ki sauke shi da garaɓasar datar dare, tambayoyinki kuma ki riƙa yin su a rubuce. A matakinki na jami'a babu abin da zai ragu a karatunki don ba ki ga fuskar ba.